Tosu Mai Kujerar Gefe

A bakin babban titin da ya fita daga Kwatano ya miƙe zuwa Porto-Novo, wajajen Sekanji, akwai wani ɗan fili mai katangar kwano da ake kira filin Lokosu, inda motoci ke jere suna shan rana suna jiran mai rabo. A nan Tosu Ahuansu ya yi shekara goma sha wani abu yana aikin da ba shi da suna. Shi ba dillali ba ne, don bakinsa bai iya zuga ba. Shi ba makaniki ba ne. Aikinsa kawai, in mai saye ya ce sai ya ɗana mota kafin ya zaro kuɗinsa, Tosu ya ɗauko lambar gwaji ya ɗaura, ya miƙa makulli, ya zagaya ya zauna a kujerar gefe. A je, a juyo a shataletale, a dawo.

Dillalan filin, da ke kiransa Fofo, wato Yaya, sukan tsokane shi. "Fofo Tosu, duk faɗin Kwatano kai kaɗai ake biya don ka zauna."

"Zo ka zauna yini ɗaya ka gani," in ji shi, "in hanjinka bai tsinke ba ka canza mini suna."

Asalinsa ɗan ruwa ne. A wani ƙauye na tsakiyar tafki aka haife shi, a ɗakin da ke tsaye bisa turaku, ya kuma iya sarrafa kwalekwale tun kafin ya iya ɗaure wando. Da mahaifinsa ya rasu, 'yan uban suka raba wuraren kamun kifi ba wanda ya tuna da shi, sai ya tattara 'yan komatsansa ya hau tudu. Ya yi wankin mota, ya yi kwandasta. A tasha ya haɗu da Lokosu, suna samari, tabarma ɗaya suke kwana, kwano ɗaya suke ci. Shi Lokosu idonsa na kan ciniki, ya bi dillanci har ya zama mai fili. Tosu kuwa ya bi sitiyari, ya daɗe yana jan tasi a wannan titin, har ranar da mai motar ya mutu magada suka sayar da ita. Lokosu ne ya ce ya zo ya zauna wurinsa. Shi ne kuma tun farko ya tsaya masa ranar da ya auri Senami, mai ƙyafe kifi a unguwar Akpakpa. A gaban mutane Tosu kan ce masa Patron, wato maigida. In su biyu ne, sai ya kira sunansa gatsal.

Zaman gefe ya koya masa mutane fiye da tuƙi. Ya ga mai shiga mota ya fara laluben rediyo kafin ya san inda birki yake. Ya ga magidancin da ke taka totur don matarsa da ke baya ta san ba ta yi zaɓen tumun dare ba. Ya ga ɗan kasuwar da bai taɓa riƙe sitiyari ba amma kunya ta hana shi faɗa. Duk Tosu ya bi da su da baki. "A hankali, Kawu. Rami na gaba. Bar mai babur ɗin nan ya wuce, shi ba ya da gobe." Doka ɗaya ya kafa wa kansa: wanda aka miƙa wa makulli shi ke da mota har a dawo. Ba ya kai hannu. Yakan ce mai zaman gefe, bakinsa ne birkinsa.

Wata safiya ta damina, ruwa ya ɗauke ke nan, babur ɗin haya ya sauke wata dattijuwa a ƙofar fili. Gajeriya ce, kakkaura, da tabarau da lema da jaka a hammata. Ba ta tsaya gaisuwa mai tsawo ba ta nuna wani dillali da lemar.

"Kai, ba ɗan Bernadet ba ne? Da ƙafa ka fito, ka wahalar da ni har gari ya waye. To yau ka rama mini, kada ka nuna mini ruɓaɓɓiyar mota."

Fili ya kwashe da dariya. Maman Kilotil Adande ke nan, wadda ta yi shekaru tana shugabar ungozomomi a wani asibitin haihuwa na Akpakpa kafin ta yi ritaya. Rabin samarin unguwar a hannunta suka fara kuka. Ta ce gwiwoyinta sun gaji da hawan babur, kuma tana son ta riƙa zuwa Ajara duba gonarta da kabarin mijinta ba tare da ta roƙi kowa ba. Ta nuna lasinta. Tsoho ne, amma ba abin da ya same shi. Ta zaɓi wata ƙaramar mota ruwan toka.

Tosu ya buɗe mata ƙofa. Ta gyara kujera, ta gyara madubi, ta yi alamar gicciye, ta tayar. Tun kafin su fita ƙofa ya san ta iya. Ba ta fizga, ba ta rawar hannu.

"Maman, kin daɗe ba ki ja ba?"

"Tun da motar marigayi ta bi shi. Amma hannu ba ya mantuwa, ɗana."

"Ɗanki kuma? Ni da furfurata?"

"Duk wanda ya fito ta hanyar da na sani ɗana ne. Yi shiru in ji kukan injin."

Sun juyo daga shataletale suna dawowa, tana ba shi labarin yadda 'ya'yanta suka dame ta da ta bar gidanta ta koma Paraku wurin 'yarta, sai wani mai babur ya faso daga bayan wata babbar mota da ke tsaye, ya yanko gabansu. A bayansa mace ce da goyo, ga yara biyu masu kayan makaranta a matse tsakani. Tosu ya ga idon ƙaramar yarinyar. Bai san lokacin da hannunsa na hagu ya kai kan sitiyari ba. Ya ji dai ya finciko shi dama da ƙarfinsa duka, ya ji kuma Maman ta yi ƙara ta danna birki. Ƙasa a jiƙe take. Mota ta sulale ta haye gefen titi, ta afka wata rumfar faci da ya ɗauka ba kowa a ciki.

Akwai mutum. Basil mai faci yana durƙushe bayan tulin tayoyi yana neman huji a cikin ruwa. Mota ta haɗa ƙafarsa da injin ba da iska.

Abin da ya biyo baya, Tosu kamar a mafarki ya gan shi. Shi ya tsaya a gefe. Maman Kilotil kuwa ta fito ta ture 'yan kallo, ta warware ɗankwalinta ta ɗaure cinyar Basil, ta sa aka ɓalle katako daga rumfar aka tallafe ƙafar, tana ba da umarni kamar tana ɗakin haihuwa. Mai babur da fasinjojinsa ko waiwaye ba su yi ba. Da 'yan sanda suka iso, babbansu ya tambaya wa ke tuƙi.

"Ni ce," in ji ta.

Ya rubuta. Ya dubi Tosu ya ce, "Kai fa?"

"Ma'aikacin fili ne, yana gefe," wani ya amsa masa. Ɗan sandan ya wuce wurin auna sawun taya. Ba wanda ya ƙara tambayar Tosu komai, shi kuma bai ce komai ba.

Da yamma Lokosu ya ja shi ofis ya tura ƙofa. Inshorar lambar gwaji ta ƙare tun watan jiya, yana ta cewa gobe, gobe.

"Ka ji yadda abin yake," in ji shi. "Na tambayi wanda ya sani. In ganganci ne na mai tuƙi, ita za ta ɗauki kayanta. In kuwa aka ce yarona ne ya jawo, to yaro da ubangida abu guda ne, ni za a yanka. Kuma ba inshora a bayana. Allah ya taimake mu ta faɗa da bakinta ita ce."

Tosu ya dubi ƙasa. "Lokosu, na kai hannu."

"Ban ji ba."

"Na ce na..."

"Na ce ban ji ba! Kai da kullum kake cika baki ba ka kai hannu? To yau ma ba ka kai ba. Tsohuwar nan tana da fansho, ɗanta a banki yake. Ni kuwa mutum nawa ke ci a filin nan? Ba ƙarya na ce ka yi ba, Tosu. An tambaye ka ne? To bakin da bai buɗe ba ƙuda ba ya shiga."

Magana ta tafi kotu, kotu kuwa ba ta san sauri ba. Arman, ɗan Maman Kilotil, ya ɗauko lauya. Lauyan ya ce mota ta fili ce, lambar ta fili ce, ma'aikacin fili na ciki, don haka mota ba ta taɓa fita daga hannun mai fili ba. Lauyan Lokosu ya ce wanda ya karɓi makulli ya zauna a kujerar direba da lasinsa a jaka, shi ya karɓi amana, kuma ga ta ta amsa da kanta. Wannan ya rubuta, wancan ya rubuta, aka ɗaga, aka sake ɗagawa. Kowane ɓangare aka gargaɗe shi kada ya kai wa majinyaci ko sisi, don kada a ce ya amsa laifi. Maman ta kai sau ɗaya a ɓoye, Arman ya ji ya yi ta faɗa. Basil dai na kwance, matarsa ta sayar da injin iskan da ya lotse, ta sayar da zannuwanta.

Wata rana lauyan Arman ya tare Tosu a bakin titi. Mutum ne mai sanyin murya.

"Fofo, an ce ka yi shekaru kana jan tasi. Tsohon direba yana gefe, ya ga za a kashe yara, ya naɗe hannu? Ni dai ban taɓa ganin irinsa ba."

"Metir," in ji Tosu, yadda ake kiran lauya a can, "me Maman ta ce?"

"Ta ce ko ƙuda bai taɓa sitiyarinta ba."

"To ai ka ji."

Ya wuce, amma maganar ta bi shi gida. Senami ta lura ya daina ƙari in an zuba tuwo, ta lura kuma in yana zaune sai ya yi ta murza hannun hagu da na dama. Ba ta tambaye shi ba sai ranar da ya faɗa da kansa, tana juya kifi a kan waya, hayaƙi na shiga idonta.

"Ni ban san shari'a ba," in ji ta. "Na san dai Lokosu ne ya riƙe mu lokacin da ba mu da kowa. Na kuma san in aka kore ka, kifin nan ne zai biya makarantar 'yarmu Rozin, kuma kifi ba ya da albashi. Amma ka je ka ga mutumin tukuna. Kana ta auna Lokosu da tsohuwa, shi mai ƙafar ko a sikeli ba ka sa shi ba."

Ta ƙunsa masa kifi da agidi ya tafi.

Ya tarar da Basil a ɗakin masu karaya, ƙafa a rataye da ƙarafa. Saurayi ne ashe, bai fi talatin ba, ya rame idanu sun faɗa. Ya gane Tosu nan take.

"A'a, mutumin gefe! Ka zo duba ko na mutu ku huta?"

"Na zo gaishe ka ne, ƙanena."

"Na amsa. Ajiye kifin, shi dai bai yi mini komai ba." Ya ɓare agidi ya kai baki. "Ka san abin da ya fi ƙafar nan ciwo? Kowa ya zo sai ya ce mota ta buge ni. Mota, mota. Ni tun ina yaro nake kwance tayar mota, ban taɓa ganin wadda ta tashi da kanta ta nemi mutum ba. Wannan ya ce ba shi ba ne, wancan ya ce ba shi ba ne. Tsohuwa ta ce ita ce, ɗanta ya ce tsufa ke sa ta magana. To ni wa zan tsine wa in ciwo ya tashi? Ko wanda zan yafe wa ma ban samu ba."

Tosu ya daɗe yana kallon ƙarafan. Sannan ya ɗaga hannun hagu.

"Wannan ne. Ni na finciko sitiyari. Na ga yara a gaba, na ga rumfarka, na ɗauka ba kowa."

Basil ya daina tauna. Matarsa da ke zaune a ƙasa ta miƙe tsaye.

"Ka ɗauka ba kowa," Basil ya maimaita. "Shekara nawa kana wucewa ta gabana kullum? Ka taɓa ganin rumfar nan ba kowa?"

Basil ya juya fuska bango. Can ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Yaran su nawa?"

"Biyu, da na goye."

"Tafi, Fofo. Yau ba na son ganinka. Amma abin da ka faɗa a nan, ka je ka faɗa inda ake rubutawa."

Washegari ya je ofishin lauyan Arman ya faɗa. Daga nan bai tsaya ko'ina ba sai fili, don kada Lokosu ya ji a bakin wani. Lokosu bai yi ihu ba. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Tabarma ɗaya muka kwana, Tosu."

"Ban manta ba."

"Ka manta. Ajiye lambar gwajin a kan tebur."

Wanda ya yi ihun shi ne wanda Tosu bai zata ba. Ranar Lahadi bayan an taso coci, yana zaune a tsakar gida, sai ga Maman Kilotil ta bankaɗo labulen ƙofa da lemarta.

"Ina maƙaryacin yake?"

Senami ta yi sauri ta kawo kujera da ruwa. Ta zauna, ta sha, ta dangwarar da kofin.

"Wa ya aike ka? Na ce wa ya aike ka ka je ka ce an ƙwace mini mota kamar yarinya?"

"Maman, gaskiya na faɗa. Kuma ai sauƙi ne gare ki, nauyin zai bar kanki."

"Na ce maka ya yi mini nauyi? Ni na ga babur ɗin kafin ka gan shi. Ni na karya sitiyari, ni na taka birki. Hannunka ya zo ya tarar na riga na juya."

"Na ji shi ya bi hannuna, Maman."

"Ya bi nawa!" Ta buga lema a ƙasa. Sannan muryarta ta sauko. "Saurara, ɗana. Shekara arba'in ina karɓar haihuwa. Ba duka suka rayu ba. Akwai waɗanda suka tafi a hannuna, uwa ko ɗa, wani lokacin duka biyun. Ban taɓa fitowa na ce wa dangi likita ne bai zo ba, ko wuta ce aka ɗauke, ko da kuwa haka ne. Nakan ce a hannuna ya faru. Shi ya sa har yau in na shiga kasuwa ake tashi a ba ni kujera. Yanzu ka je ka ba Arman abin da yake nema. Jiya ya ce mini, kin gani ko, Maman, da ba don mutumin nan ba da kin kashe yara uku. Sun riga sun share mini ɗaki a Paraku."

Wannan bai taɓa zuwa ran Tosu ba. Ya ɗauka kaya ya sauke mata, ashe wani ya ɗora.

"Ki gafarce ni," in ji shi. "Amma in na janye, na yi wa mai ƙafar ƙarya. Na riga na nuna masa hannun."

Ta dube shi tsawon lokaci. "Taurin kai kamar ɗan fari," ta ce. Senami ta kawo jan tuwo da soyayyen kifi. Maman ta ce ba ci ya kawo ta ba, sannan ta wanke hannu ta cinye, ta ce barkonon ya yi yawa, ta tafi ba ta yi wa Tosu sallama ba.

Ranar da aka saurare su, ɗakin kotu ya cika da dillalan Sekanji. Mai shari'ar mace ce, ta jima tana aikin. Ta ce ta saba ganin mutum biyu kowa na tura wa ɗan'uwansa laifi, amma yau ga biyu suna kokawar ƙwace shi. Ta tambayi Maman ko ta ji hannun wani a sitiyari. Maman ta ce ita hanya take kallo, ba hannun mutane ba. Ta juya ga Tosu.

"Kai ka tabbata jan da ka yi ne ya kai motar rumfa? Da ba ka taɓa ba, ina za ta nufa?"

Lauyan Arman ya kafe shi da ido. Tosu ya san amsar da ake so.

"Ranki ya daɗe, na san na ja. Ko ta riga ni juyawa, ban sani ba. Da ban taɓa ba, wataƙila ta kauce ta tsaya lafiya, wataƙila ta hau yaran. Kullum sai na sake tuƙa wannan wurin a cikin kaina, ban taɓa isa ƙarshensa ba."

Aka yanke hukunci bayan an sake ɗagawa. Mai shari'a ta ce mai fili ya fitar da motarsa titi ba inshora, ya sa mutuminsa a ciki don ya kula da ita, mutumin kuma ya sa hannu a tuƙi, saboda haka kaso mafi girma na diyyar Basil a wuyan Lokosu yake. Ta ce wadda ke kujerar direba ma ba ta fita ba, ta ɗora mata ƙaramin kaso. Tosu aka yi masa ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka. Da aka fassara wa Maman nata, sai ta gyaɗa kai kamar an ba ta lambar yabo. Ta biya da kuɗin da ta tara na mota, kafin ma a neme ta.

Lokosu ya sayar da motoci da dama kafin ya sauke nasa. Filin bai mutu ba, amma ya rage, dillalai biyu suka kama gabansu. Daga baya ya kafa doka: ba mai ɗana mota sai a cikin katanga. In sun haɗu da Tosu a wurin biki ko jana'iza sukan gaisa, gaisuwar mutanen da suka san iyayen juna, ba ƙari.

Kafin shekara ta zagayo aka zo da motar kaya aka kwashe Maman Kilotil zuwa Paraku. Tosu ya je rakiya, ya tsaya daga nesa. Ta gan shi, ta ɗaga lema kaɗan, bai san ko gaisuwa ce ko gargaɗi ba. Ya aika mata gaisuwa sau da yawa ta bakin direbobin arewa. Sau ɗaya kawai amsa ta dawo, wai a gaya masa barkonon matarsa ya fi na can.

Ya yi watanni yana taya Senami dakon itace da juya kifi, maƙwabta na gulma. Rozin ta bar makaranta zango guda sannan ta koma. Daga bisani wani mai makarantar koyon tuƙi a Akpakpa, wanda ya ji labarin a bakin dillalai, ya neme shi. Ranar farko da Tosu ya shiga motar koyarwa ya ga birki a ƙarƙashin ƙafarsa, a kujerar gefe, sai ya tambayi mai makarantar, in wani abu ya faru wa za a kama.

"Kai mana, sai ni. Ɗalibi ba ruwansa."

"To madalla," in ji Tosu. "Gara in sani tun daga gida."

Yana nan har yanzu, furfura ta gama cin kansa. Ɗalibai na cewa ya cika tsanani, wai ko kaza ce a gefen titi sai ya sa an rage gudu, kuma ba ya yarda a ce masa wuri ba kowa.

Basil ya warke da ɗingishi. Da diyyar ta fito ya sayi sabon injin iska ya kafa rumfa, wannan karon can ciki, nesa da kwalta. Tosu kan bi da motar makaranta ta wurinsa a duba iska, ko da tayoyin ba su nemi komai ba. Da farko Basil ba ya ce masa uffan, ya duba ya karɓi kuɗinsa. A hankali baki ya buɗe. Wata rana da azahar, Tosu ya tsaya wurinsa da wata ɗaliba a mota, an taso yara daga makaranta suna wucewa garke-garke, Basil ya miƙe da ƙyar yana dafe da ƙugu, ya tsaya yana kallonsu.

"Fofo, waɗancan naka, yanzu ai sun isa sakandare."

"Sun isa."

"Ko sun san an yi? Uwar ma na rantse ta isa gida ta ɗora tukunya, ko a jikinta."

"Haka ya fi," in ji Tosu.

"Gare su dai," Basil ya ce. Ya sake durƙusawa ya ɗora bututun a tayar baya. "Wannan kuwa da gaske ta sace. Ce wa ɗalibarka ta sauko, sai na kwance ta."